Alt-right da masu ra'ayin mazan jiya a Amurka: ina suka rabu, ina suka haɗu?

Jama'a, duk lokacin da aka taso da maganar siyasar Amurka, ra'ayi biyu nake yawan ji. Wasu su ce duk ɗan jam'iyyar Republican mai wariyar launin fata ne, ba sai an bincika ba. Wasu kuma su ce ai mutanen kirki ne masu kare addini da iyali, sharri kawai ake yi musu. Ni ban yarda da ko ɗaya ba. Akwai masu ra'ayin mazan jiya na asali, akwai kuma wata tafiya dabam da ta girma a intanet wadda ake kira alt-right. Aƙidarsu ba ɗaya ba ce. Sai dai iyakar da ke tsakaninsu ta yi rauni ƙwarai a shekarun nan, kuma laifin wannan yana wuyan manyan masu ra'ayin mazan jiyan da kansu.

Tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu, ɗan mazan jiya a Amurka abin da yake so sananne ne: gwamnati ta rage tsoma baki a kasuwa, a rage haraji, a girmama coci da aure, a hana zubar da ciki, a ƙarfafa soja. A wurinsa, Ba'amurke shi ne wanda ya karɓi tsarin mulkin ƙasar ya bi dokarta, ko daga ina kakanninsa suka fito. Ronald Reagan, wanda suke ɗauka gwarzonsu, shi ya sa hannu a dokar 1986 da ta bai wa baƙin haure kusan miliyan uku takardun zama. George W. Bush kuma, kwana shida bayan harin 11 ga Satumban 2001, ya je babban masallacin Washington ya ce Musulunci addinin zaman lafiya ne. Ba wanke shi nake yi ba, jinin mutanen Iraƙi yana nan a kansa. Abin da nake nunawa shi ne, a rubuce dai, aƙidarsu ba ta ce launin fata ne ke sa mutum ya zama ɗan ƙasa ba.

Alt-right kuwa daga nan ta fara. Wanda ya yayata sunan shi ne Richard Spencer, da ya buɗe shafi da wannan suna a 2010, daga baya ya shugabanci wata cibiya mai suna National Policy Institute. Bai ɓoye manufarsa ba: ƙasa ta farar fata zalla, a raba jinsuna kowa ya kama gabansa, wai cikin lumana. A wurinsu Amurka gado ce ta jinin Turawa, kuma dokar shige da fice ta 1965, wadda ta soke tsarin fifita Turawan arewacin Turai ta buɗe ƙofa ga mutanen Asiya da Afirka, ita ce babbar cin amanar da aka yi musu. Haraji bai dame su ba. Addini ma bai dami da yawansu ba, domin Spencer da bakinsa ya ce bai yi imani da Allah ba, kuma bai goyi bayan masu yaƙi da zubar da ciki ba. Abin da ya haɗa su shi ne jini, da ƙin baƙar fata, da ƙin Musulmi, da ƙin Yahudawa.

Tafiyar ba ta da ofis, ba ta da katin zama mamba, ba ta da shugaba ɗaya da kowa ke bi. Matattararta a shekarun da take tashe dandalin 4chan ne da 8chan, inda ake rubutu ba suna, sai wasu lunguna na Reddit da Twitter. A nan ne nake so mu lura sosai, domin salon ya fi aƙidar haɗari. Ba da huɗuba suke jawo matashi ba, da barkwanci ne. Zanen wani kwaɗo mai suna Pepe, wanda mai shi ya zana don nishaɗi, suka ƙwace suka mayar da shi tambarinsu. Sai a sa hoton Hitler cikin raha, a yi ba'a da kisan Yahudawa, a zagi mata. In ka yi magana a ce wasa ne, kai ne ba ka da fahimta. Yaro ɗan shekara goma sha bakwai da ya shiga don dariya, bayan wata shida ya saba da maganar har ta daina ba shi tsoro, bayan shekara ya fara faɗinta da gaske. Rikicin Gamergate na 2014, inda aka yi wa wasu mata masu harkar wasannin kwamfuta taron dangi da zagi da barazana, shi ya koya musu yadda ake haɗa dubban mutane marasa suna a kan mutum ɗaya.

Kuma ku sani, mutanen da suka fi rainawa a farko su ne masu ra'ayin mazan jiyan. A 2015 suka yaɗa wani zagi na batsa da ke kamanta ɗan Republican da dayyus, wai ya zuba ido baƙi suna cinye masa gida yana maganar haraji. Su ma manyan mazan jiyan ba su ɗauke su a bakin komai ba.

Zaɓen 2016 ne ya sauya lissafi. Donald Trump ba ɗan alt-right ba ne, amma maganganunsa a kan 'yan Meziko da kiran da ya yi a hana Musulmi shiga Amurka sun yi musu daɗi. Steve Bannon, shugaban shafin labarai na Breitbart a lokacin, ya faɗa wa wata 'yar jarida cewa shafinsa ne dandalin alt-right, kuma a watan Agusta na wannan shekara ya zama jagoran yaƙin neman zaɓen Trump. Bayan an ci zaɓe, a watan Nuwamba, Spencer ya tara mutanensa a Washington yana kirarin nasara, wasu suka miƙe suna ɗaga hannu irin gaisuwar 'yan Nazi. Trump ya ce ya barranta da su. Amma sun riga sun ji cewa lokacinsu ya zo.

Sai Charlottesville, a jihar Virginia, ranakun 11 da 12 ga Agustan 2017. Sun fito daga bayan kwamfuta don hana cire gunkin Robert E. Lee, janar ɗin da ya jagoranci sojojin jihohin kudu masu kare bauta a yaƙin basasar Amurka. Da dare suka yi jerin gwano da wuta a hannu suna ihun cewa Yahudawa ba za su maye gurbinsu ba. Washegari ɗaya daga cikinsu, James Fields, ya kutsa da mota cikin masu adawa da su ya kashe Heather Heyer, mai shekara 32. Daga nan tafiyar ta watse. Kamfanoni suka rufe musu shafuka, aka kori wasu daga aiki, aka yanke wa Fields ɗaurin rai da rai, a 2021 kuma kotu ta ci waɗanda suka shirya taron, har da Spencer, tarar sama da dala miliyan 25, ko da yake an rage daga baya. Yau da wuya ka ji wani yana kiran kansa alt-right.

Sunan ne ya mutu. Babbar aƙidarsu tana nan, wato zancen cewa akwai wata maƙarƙashiya ta shigo da baƙi don su maye gurbin farar fata, zancen da wani marubuci Bafaranshe, Renaud Camus, ya raɗa wa suna Babban Maye Gurbi wajen 2011. Wanda ya kashe masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch, a New Zealand, ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, yana nuna kisan kai tsaye a Facebook, da wannan suna ya buɗe takardar da ya bari, kuma a 8chan ya sanar. Wanda ya kashe mutum 23 a El Paso a wannan shekarar, da wanda ya kashe baƙar fata 10 a wani kanti a Buffalo a 2022, duk zance ɗaya suka maimaita. Allah ya jiƙan Musulmin da aka kashe suna ibada.

To ina ruwan masu ra'ayin mazan jiya da wannan? A da suna da masu tsaron ƙofa. William F. Buckley, wanda ya kafa mujallar National Review a 1955, ya fito a 1962 ya yi kaca-kaca da shugaban ƙungiyar John Birch, ta masu tsananin ƙin kwaminisanci, saboda ƙage-ƙagensa, ya nesanta tafiyarsu da shi. Amma mujallar nan ce dai a 1957 ta goyi bayan farar fatan kudu su ci gaba da danne baƙar fata a siyasa. Ke nan tun asali tsagar tana nan, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wani lokaci sukan toshe, kamar a 2019 da 'yan Republican suka cire ɗan majalisa Steve King daga kwamitoci bayan ya tambayi me ya sa fifita farar fata ya zama abin ƙi. Wani lokaci kuma sukan kau da kai saboda ƙuri'a. A Afrilun 2021 Tucker Carlson, wanda miliyoyi ke kallon shirinsa a tashar Fox News a lokacin, ya ce jam'iyyar Democrat tana shigo da masu jefa ƙuri'a daga ƙasashe matalauta don su maye gurbin 'yan ƙasa. Bai ambaci launin fata a matsayin hujja ba, amma kowa ya gane daga inda maganar ta fito, kuma tashar ta tsaya masa. A Nuwamban 2022 Nick Fuentes, wanda ya halarci taron Charlottesville yana ɗalibi, wanda ke yabon Hitler a fili, ya ci abinci da Trump a gidansa na Mar-a-Lago. Trump ya ce bai san ko wane ne ba. Mitch McConnell, jagoran 'yan Republican a majalisar dattawa a lokacin, da wasu manya suka yi tir. Fuentes kuwa ƙara suna ya yi.

Don haka ba na yarda a ce duk ɗaya ne, domin wannan zalunci ne ga malamin coci ko manomin da ke zaɓen Republican saboda addininsa, kuma irin wannan kuɗin goro yana taimakon masu tsattsauran ra'ayin, tunda yana tura musu mutane. Ba na kuma yarda ɗan mazan jiya ya ce ba ruwansa. Wanda ya ga masu sauraro sun ƙaru saboda ya ari maganarsu, ya ci gaba da ara, ya shiga cikin alhakin. In kana so ka gane wanda ke gabanka, tambaya ɗaya ta isa: baƙar fata Musulmi da aka haifa a Kano ko Damagaram, ya sami takardar zama ɗan ƙasa bisa doka, Ba'amurke ne daidai da kai ko kuwa? Ɗan mazan jiya na gaskiya zai ce eh. Ɗan alt-right zai ce a'a, ko ya fara kewaye-kewaye.

Abin da ya sa na damu, 'yan'uwa, shi ne tun da yaƙin Gaza ya ɓarke a Oktoban 2023 nake ganin mutanenmu suna tura bidiyon irin su Fuentes inda suke sukar Isra'ila, har ana sa musu albarka. Zaluncin da ake yi wa Falasɗinawa gaskiya ne, kuma akwai Amurkawa da yawa, har da Yahudawa, da ke faɗarsa don tausayi da adalci. Waɗannan ba don tausayi suke yi ba. Ƙiyayyarsu ga Yahudawa tushenta shi ne zargin cewa Yahudawa ne ke buɗe wa irinmu ƙofar ƙasashen Turawa. Wanda ya kashe mutum 11 a wurin ibadar Yahudawa a Pittsburgh a Oktoban 2018, abin da ya rubuta a shafin Gab kafin ya fita shi ne wata ƙungiyar agaji ta Yahudawa mai suna HIAS tana shigo da 'yan mamaya. 'Yan mamayan da yake nufi 'yan gudun hijira ne, kuma da yawa daga cikin waɗanda ƙungiyar ke taimaka wa Musulmi ne da 'yan Afirka.