Kafin a gwada fitsarinsa, wa ya tambaye shi abin da ke damunsa?

Tun da Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da hukumar NDLEA mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi suka cimma matsaya a 2025 cewa za a riƙa yi wa ɗaliban manyan makarantu gwajin ƙwaya na dole, ba a daina tafi ba. A shirye-shiryen rediyo na kiran waya, a Facebook, a majalisun bayan isha'i, magana ɗaya ce: ai gara ma a sauko da shi sakandare, a kamo su tun suna ƙanana. Shugaban NDLEA, Janar Buba Marwa, ya daɗe yana kiran a yi gwajin, kuma ban ga laifinsa ba, aikin da aka ba shi ke nan. Abin da ya ɓata mini rai shi ne yadda iyaye da malamai suka rungumi gwajin kamar an kawo musu amsar duk abin da ke damun 'ya'yansu. Gwajin fitsari zai iya nuna cewa yaro ya sha tramadol jiya. Watannin da ya kwashe ba ya barci sai gab da asuba kuwa, babu na'urar da za ta nuna su, sai an zauna an tambaye shi.

Yaran da nake nufi kowa ya san su, ko da bai san sunan lalurarsu ba. Shi ne yaron da tun yana firamare ba ya zama wuri ɗaya. Malami na rubutu a allo, shi yana ƙarƙashin benci. A aike shi sayen magi ya dawo da ashana, ko ma ya dawo hannu rabbana saboda ya tsaya kallon masu gyaran babur. Kullum ya yar da biro, ya manta littafi, ya katse babba yana magana. Likitoci na kiran wannan lalura ADHD. Daga ƙwaƙwalwa take, tana hana mutum tattara hankali da riƙe kansa, alamunta na bayyana kafin shekara 12, a gida da makaranta duka, kuma binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna tana shafar kusan yara biyar cikin ɗari. Duk wanda ya taɓa leƙa ajin makarantar gwamnati mai ɗalibai ɗari a Kano ko Katsina sai ya yi lissafin da kansa. Mu dai sunayen da muka tanadar masa su ne gagararre, mai kunnen ƙashi, daƙiƙi.

To a duba abin da wannan yaro ya sha kafin ya kai shekara 14. Bulala a boko da safe, dorina a islamiyya da yamma, faɗa a gida da dare. An gwada shi da ƙaninsa sau ba adadi. Ya yi alkawarin gyarawa da gaske, ya kasa, aka ce maƙaryaci ne. Shi ya sa ciwon fargaba da ciwon damuwa ke bin masu wannan lalura fiye da sauran yara. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce kusan huɗu cikin goma na yaran da ke da ADHD a can suna fama da ciwon fargaba. Can ke nan, inda ake gano lalurar da wuri, ake kuma samun magani.

Ga inda muke tafka babban kuskure. Uwa ce za ka ji tana ba yayarta labari cikin murna: "Wallahi Yaya, yaron nan Allah ya shirye shi. Yanzu daga makaranta sai ɗaki, ko ƙwallon ma ya daina zuwa." Yayar ta ce: "Ai dama na gaya miki, girma ne zai gyara shi." Wannan hirar ya kamata ta hana gidan barci. Mai ADHD, duk rashin nutsuwarsa, yana da abin da ke tafiya da hankalinsa gaba ɗaya: ƙwallo ne, ko kiwon tantabara, ko kwance tsohuwar rediyo yana haɗawa. Zai iya shafe awa uku a kai ko ruwa bai nema ba. Lalurarsa ba ta kashe sha'awa. Ciwon damuwa ne ke kashe ta. Ranar da tantabarun suka kwana ba hatsi kuma bai damu ba, wani abu sabo ya shigo, kuma ba hankali ba ne.

Lokaci ma shaida ne. ADHD tsohuwar abokiyar zama ce, haka aka san yaron tun yana ƙarami. Ciwon damuwa kuwa yana da mafari, har uwa kan iya cewa tun bayan babbar sallah ya canza, ko tun da aka maimaita masa aji. Idan canjin ya kai mako biyu yana nan kusan kullum, barci ya rikice, cin abinci ya ragu ko ya yi yawa, jiki ya mutu, likita na ɗaukarsa da muhimmanci. Kuma a wajen matasa ba lallai ya zo da kuka ba. Sau da yawa da fushi yake zuwa. Yaron da a da ƙiriniyarsa ke haɗe da dariya, yanzu ƙaninsa ya taɓa masa waya ya kai masa duka, uba ya yi magana ya mayar. Nan take a yanke hukunci: ya fara shan ƙwaya, ko ya haɗu da miyagun abokai. Ba a sauraron abin da yake furtawa a tsakanin faɗan. "Ni dai ba ni da wani amfani." "Kwanan nan za ku huta da ni." Ana jin wannan a ce rashin kunya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa kisan kai cikin manyan abubuwan da ke kashe 'yan shekara 15 zuwa 29, kuma yaron da dama can yake aikata abu kafin ya yi tunani, irin wannan magana daga bakinsa ba ta jira zuwa gobe. A ranar ake nema masa likita.

Fargaba kuma ta jiki take fitowa. Ciwon ciki duk safiyar Litinin, bugun zuciya, gumin tafin hannu, kai ya ɗau zafi da an buɗe littafi. Sai a nufi kemis, a ce taifod ne da maleriya, a sha magani, bayan wata guda a sake komawa. Tun 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa mai suna Raymond Prince ya rubuta yadda ɗaliban Najeriya ke zuwa da ƙorafin zafin kai da kasa fahimtar karatu, amma har yau mai kemis ne ke duba su. Yara biyu za su zo aji ba su yi aikin gida ba. Na farko ya manta ne kwata-kwata, hankalinsa ya tafi wani wuri. Na biyu bai manta ba ko na minti ɗaya, ya kwana yana kallon littafin, tsoron kuskure ya hana shi ɗora biro. Mai ADHD da fargaba ta kama shi ne na farkon da ya rikiɗe ya zama na biyu. Malami littafi biyu fayau yake gani, bulala iri ɗaya yake rabawa.

'Yan mata sun fi shan wuya, don tasu lalurar ba ta cika hayaniya ba. Tana zaune shiru tana kallon taga, ta ɗora tukunya ta manta har ta ƙone, a ce shiririta ce. Shirun nata ma yabonsa ake yi, wai kunya. Da yawa kan ɓoye matsalar ta hanyar ninka wahala, su kwana suna haddar abin da ƙawayensu suka gane a aji, har a kai lokacin WAEC da NECO da JAMB ƙarfin ya ƙare. Idan ta fara kuka ba dalili ko ta faɗi a makarantar kwana, an san wanda ake kira. Idan abin ya ƙi, wata gwaggo za ta kawo shawarar da ba ta tsufa: a yi mata aure ta nutsu.

Ba na musun cewa ƙwaya ta yi mana illa. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya yi da gwamnatin Najeriya a 2018 ya gano mutum miliyan 14.3 na amfani da su, kuma a shekarar ce aka haramta maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Sanannen abu ne kuma a wajen likitoci cewa matasa masu ADHD sun fi saurin faɗawa shaye-shaye. Tambayar da ba a yi ita ce me suke nema a cikin kwalbar. Wani barci yake nema. Wani so yake ƙirjinsa ya daina bugawa kafin ya shiga cikin mutane. Gwajin yana kama yaro ne a matakin ƙarshe na tafiyar da ta fara tun yana aji uku na firamare. Kuma bayan an kama shi sai me? A yawancin makarantunmu amsar kora ce, daga kora sai gidan mari. Ba mu manta da gidan marin Rigasa a Kaduna ba, inda 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 a watan Satumban 2019, da yawansu da mari a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai da dama daga cikinsu da hannunsu, suna biyan kuɗi.

Masu cewa wannan cutar 'ya'yan masu kuɗi ce, wai a zamaninsu ba a san ta ba, su je tasha su ga inda abokan ajinsu gagararru suka ƙare. Masu cewa a bar komai ga addu'a kuwa, ban taɓa ganin sun hana ɗansu allura ba idan maleriya ta kwantar da shi.

Gwamnatin da ke da kuɗin sayen kayan gwaji ita ce ta kasa aiwatar da dokarta. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 ba ta da likitocin ƙwaƙwalwa 300, ƙwararru a kan yara da matasa kuwa ba a magana, kuma kullum wasu na haɗa jaka. Uban da ke ƙauyen Jigawa ko Zamfara sai ya nemi kuɗin mota zuwa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, ko Barnawa a Kaduna, ko Kware a Sakkwato, sannan ya jure surutun maƙwabta cewa ɗansa ya taɓu. Maganin ADHD ɗin kansa, irin su Ritalin, yana da wuyar samu da tsada, kuma yakan rage barci da cin abinci, don haka ko wanda ke shan sa sai likita ya tantance ko canjin daga maganin ne ko daga damuwa.

Abin da nake nema bai kai kuɗin gwajin ba. Hukumar Lafiya ta Duniya na da tsarin mhGAP tun 2008, wanda ke koya wa ma'aikacin ƙaramin asibiti gane waɗannan alamu, a horar da su a kai. Ofishin mai ba ɗalibai shawara da ke rufe a makarantu, ko aka danƙa wa malamin lissafi mai aji shida, a buɗe shi a sa wanda ya san aikin. Duk makarantar da ba ta da mutum ɗaya da zai zauna da ɗalibi minti ashirin ya tambaye shi barcinsa da cin abincinsa da abin da ya daina so, kada a ba ta izinin karɓar fitsarin kowa.