Ba wanda ya riga kowa isa layi ne kaɗai ya ci ba

Sababbin 'yan kallon tseren motoci na ƙananan kulob sukan ɗauka cewa motar da ta fara tsallake layin ƙarshe ita kaɗai ta yi nasara. Ba haka abin yake ba. Saboda ƙarancin motoci da tsadar hayar filin tsere, akan haɗa rukuni biyu ko uku su fita tare, an raba su bisa girman inji ko shekarun mota. Don haka motar da ka ga ta zo ta tara tana iya zama ta ɗaya a rukuninta, direbanta ya tafi gida da kofi. Sai ka riƙe takardar jerin sunayen direbobi a hannu kafin ka gane wa ke fafatawa da wa.

Haka ma batun gwarzon shekara. Maki ake tarawa tsere bayan tsere, wasu gasannin ma sukan yafe wa direba sakamakonsa mafi muni. Shi ya sa mai zuwa na uku kullum, wanda motarsa ba ta mutuwa a hanya, yakan doke mai gudun tsiya da ya ci sau biyu, sannan injinsa ya ƙone sau huɗu.