Baba na magana, kai kana jira ya numfasa

Waɗanda suka zauna a majalisar mai shayinmu ta Wunti a garin Bauchi daren jiya kun gani da idonku, ba sai na maimaita ba. Dattijon da ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana gadin dajin Yankari ya fara ba mu labarin giwa, ko nisa bai yi ba wani ɗan gaye ya ɗaga waya: "Baba, ai wannan na gani a TikTok." Sannu shehin malami! Ka gani a TikTok. Shi kuma Baba da ya sha kwana a daji yana jin giwaye na karya itatuwa, sai ya dawo ya ɗauki karatu a wurinka ko?

Baba ya kurɓi shayinsa, bai ƙara cewa uffan ba. Sai da aka watse na raka shi bakin titi sannan ya ƙarasa mini. Ashe giwaye na kiran juna da wani gurnani mai zurfi wanda kunnen ɗan Adam ba ya kamawa, ya ratsa daji tsawon kilomitoci, har ta tafin ƙafa suna jin girgizarsa a ƙasa. Dabba ke nan, da ƙafa ma saurare take yi. Mu da aka ba kunne biyu, mun mai da su wurin maƙala abin jin waƙa.

Ba ma saurare, jira kawai muke yi mai magana ya numfasa mu cusa tamu. Ciwon ke nan. Yaron nan fa shi ne makon jiya ya rantse wai inji ne ke ɗumama ruwan Wikki, maɓulɓular nan ta cikin dajin Yankari. Ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse da ɗuminsa wajen digiri 31, rani da damina! An gaya masa, bai ji ba, don lokacin yana shirya amsa.

Na san za ku ce zamani ne, komai yana cikin waya. Ku riƙe wayarku. Wasu za su ce tsofaffi sun cika jan zance. To sai me? Ina za ku, jirgi zai bar ku ne? Ko a masallaci ran Juma'a, in liman na huɗuba ka ce wa na kusa da kai "yi shiru", kai ma ka yi lagawu, wato zancen banza. Har nan addini ya kai maganar saurare.

Wallahi ba wasa nake ba, fuskar Baba ta tsaya mini a rai. Da aka ce kunne ya girmi kaka, ai kunnen da ya zauna ya ji ake nufi. Mahaifina ne ya koya mini in ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa, duk daƙiƙa 3 kusan kilomita 1 ke nan. Sau ɗaya ya faɗa, muna fakewa a zaure, kuma har yau in hadari ya haɗo sai na ƙirga.