Maganin ƙarin jinin awo ba bogi ba ne, haɗin gambizarku ne matsalar

Kawu ka yi haƙuri, na san kana ganin abin da nake rubutawa a nan, amma wlh vokal ɗin nan naka na minti 7 da ka saka a gurup ɗin gida jiya ya ƙi wuce min a wuya. Wai fer ɗin, wato ƙwayar ƙarin jinin da ake ba mata a wurin awo, garin alli ne aka matse aka shafa masa ja, shi ya sa jinin Auta ya ƙi hawa, wai a haɗa jaka 25 a karɓo mata wata kwalba wurin abokinka mai kawo kaya daga Duwala. Sannu likita. Allah ya ƙara basira.

Waɗanda suka san zancen sun sani, wata 3 yarinyar nan tana shan maganin ƙarin jini, aka koma aka auna yana nan a 8, alhali mai ciki ba a so ya sauka ƙasa da 11. Kowa ya kawo tasa fassarar, mai cewa baki ne, mai cewa bogi ne, amma duk gidan nan an rasa mutum ɗaya da zai ce mata ke wai da me kike shan sa? Ni na ɗauki jakata na je Yelwa na kwana biyu a ɗakinta. Da safe ta jawo gwangwanin madara daga kan taga, ta zazzage a tafin hannu, fer ɗaya, kalsiyom ɗaya, omeprazol ɗaya da ta saya wurin mai tebur a bakin kasuwa, ta watsa su baki gaba ɗaya ta kora da shayi mai kauri da madara, ta bi da cokali biyu na farin siron ƙwannafi irin su Maalox. Da azahar ƙirji ya taso ta sha jiƙon kanwa. A gefen zaninta kuma ga kalaba, ƙasar nan da masu ciki ke ci, a ƙulle tana gutsura kamar ƙuli-ƙuli. Na ce Auta tun yaushe? Ta ce Yaya ai tun farkon cikin.

Toh jama'a ina bogin yake a nan?

Shekara 9 na yi a bayan kanta a farmasi a nan Garwa, ba likita ba ce ni, amma wannan ko ɗan koyo ya san shi. Ƙarfen da ke cikin fer sai da tsamin ciki yake narkewa har hanji ya iya ɗaukar sa. Omeprazol kuwa aikinsa kenan, ya rage wannan tsamin, shi ya sa ƙwannafi ke lafawa. Farin siron nan akwai aluminiyom da magneziyom a ciki, suna kashe tsamin kuma suna kama ƙarfen su fice da shi ta bayan gida. Kanwa ma tsamin take kashewa, ko ba da ita kuke kashe tsamin yakuwa a miya ba? Shayi yana riƙe ƙarfe, kalsiyom da madara suna tare masa hanya, kalaba ƙasa ce ita ma riƙewa take. Wato abu bakwai ta tara a kan ƙwaya ɗaya sannan a ce ƙwayar ce ba ta aiki. Ka ɗaure jaki ƙafa huɗu ka ce ya ƙi tafiya.

Na san me za ku ce. Ai iyayenmu sun sha kanwa sun haihu goma-goma. Eh sun sha, waɗanda suka tafi wurin haihuwa saboda jini ya ƙare ba su nan balle su ba da nasu labarin, a bar wannan zancen don Allah. Wani zai ce ai laifin ma'aikatan asibiti ne da ba su yi bayani ba. Akwai nasu, ban wanke su ba, mace 60 a layi unguwarzoma ɗaya, a miƙo miki leda a ce ɗaya kullum, ta gaba. Amma omeprazol ɗin nan ba ya cikin ordonans ɗinta, wato takardar maganinta ta asibiti, ba wanda ya rubuta mata, kuma da aka tambaye ta ko tana shan wani magani cewa ta yi a'a, don a wurinmu abin da aka saya a tebur ba ya shiga lissafin magani. Maganin asibitin dai bai yi laifi ba, ku nemi laifin a gwangwanin madara.

Abin ma ba wuya. Fer a sha shi shi kaɗai da ruwa, in da hali da ɗan lemu ko gwaiba don bitamin C na taimaka masa ya shiga jiki. Siron ƙwannafi, kalsiyom, shayi, madara, a ba su tazarar awa 2 aƙalla. Omeprazol shi nasa daban ne, aikinsa wuni guda yake ɗauka a jiki, saboda haka tazara ba ta warware shi, sai dai a gaya wa likita shi ya ga ko a ci gaba ko a canza. Kuma in bayan gida ya yi baƙi don ana shan fer ba guba ba ce, haka yake yi, kar wata ta ce an sa mata hannu.

Kuma tunda an taɓo, Goggo ma shekara 4 kenan kullum sai ta haɗiyi omeprazol kamar goro, abin da in mutum ya saya da kansa ba likita kwana 14 aka ce ya sha ya tsaya. Tun 2010 hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi cewa daɗewa a kan irin waɗannan magunguna na iya ƙara haɗarin karayar ƙugu da wuyan hannu da ƙashin baya, a 2011 ta ƙara da cewa suna iya zubar da magneziyom na jini, mutum ya riƙa jin ɗaurewar jijiya da bugun zuciya ba daidai ba. Bitamin B12 ma raguwa yake in an ɗau shekaru. Goggo kuma tana ta sayen kalsiyom mai arha, wato karbonat, wanda shi ma sai da tsamin ciki yake narkewa sosai, alhali akwai sitrat da bai damu da tsamin ba. Ban ce ta yar da maganinta yau ba fa, masu daina shi kwatsam ƙwannafin kan dawo musu da ƙarfi, cewa na yi a kai ta a duba ta.

Wlh ba don in ci fuskar kowa na yi rubutun nan ba. Tsoro nake ji. Auta saura mata wata 2, na kalli cikin idonta fari fat, tafin hannunta kamar takarda, in ta tashi daga tabarma sai ta dafa bango. Mace mai jini 8 in ta zubar da abin da wata za ta zubar ta tashi lafiya, ita sai a shiga neman jini da tsakar dare, kuma duk mun san yadda neman jini yake a garin nan, a kira wannan a kira wancan waya a kashe. Ni na raine ta tun tana goye. Jaka 25 ɗin nan Kawu in da gaske akwai su a saya mata hanta da kifin Binuwai da zogale, a biya kuɗin moto ta koma awo da gwangwanin nata gaba ɗaya ta juye wa likita a kan tebur ya gani.

Af, tunda yau kowa na gurup ɗin ya farka yana da bakin magana, wadda ta tafi da babbar kulata ja tun ranar sunan gidan Baffa ta dawo min da ita. Har da murfin. Na san ko wace ce, na gan ta a hoton da kika saka ranar Juma'a a bayan kujera.