Tsunami ba igiyar guguwa ba ce

Mutane da yawa sun ɗauka tsunami wata ƙatuwar igiya ce guda ɗaya da guguwa ke korowa gaɓar teku. Ba haka abin yake ba. Iska saman ruwa kawai take kaɗawa. Tsunami kuwa daga ƙasan teku take tasowa, galibi idan girgizar ƙasa ta ɗaga daɓen tekun farat ɗaya, sai duk ruwan da ke bisansa ya motsa. Haka ta faru ranar 26 ga Disamba 2004 kusa da Sumatra a Indonesiya, inda girgiza mai ƙarfin maki 9.1 ta jawo ambaliyar da ta ci rayuka fiye da 220,000.

A tsakiyar teku mai zurfin mita 4,000, gudunta na kai kilomita 700 a awa, kamar jirgin sama, alhali tsayinta sau da yawa bai kai mita ɗaya ba. Sai ta wuce ƙarƙashin jirgin ruwa ba wanda ya ankara. Da ta iso gaɓa, gabanta ya rage gudu, bayanta na ta danno shi, ruwan ya taru ya yi tozo.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne janyewar teku. Wani lokaci ruwan kan ja baya, ya bar kifaye suna wutsil-wutsil a kan yashi, mutane su ruga tsinta. Mintuna kaɗan ne suka rage kafin igiyar ta iso, a nufi tudu da gudu. Kuma kada a sauko bayan igiyar farko, domin wasu na tafe, tsakaninsu minti 10 zuwa awa guda, kuma ta biyu ko ta uku na iya fin ta farko girma.