A gyara ƙafar mota tukuna, sannan a zo maganar ƙarfe mai jan fenti

Wai har yanzu akwai masu rubuta cewa da yaron nan mai BMW, wanda bidiyon zamewar motarsa ya yaɗu, ya ƙara wani ƙarfen haɗa kawunan shoka a baya kamar wanda ya sa a gaba, da motar ba ta juya da shi ba. Allah ya ba mu haƙuri. Kowa ya ga bidiyon, kowa ya ga yadda BMW ɗin ta yi katantanwa a shataletale bayan ɗan yayyafin da bai isa ya jiƙa hula ba. Kowa kuma ya ga hoton da aka ɗora kafin nan, an ɗaga bonet ana nuna wa duniya ƙarfe mai jan fenti yana sheƙi daga kan shoka zuwa kan shoka. Alhamdu lillahi ba a rasa rai ba. Amma ku koma ku tsayar da bidiyon daidai inda gindin motar ya fara zamewa, ku dubi tayar baya yadda take kallon wani gari daban da inda direba ya nufa. Bushin ne ya mutu, wato robar da ke gaɓar hannun da ke riƙe da taya, ya daɗe da mutuwa, an bar jaki ana dukan taiki.

BMW samfurin E46 ce fa. Ta fito a 1998, kuma ko autarsu ta doshi shekara 20. Robar da ke ƙarƙashinta ta sha ƙanƙarar Turai, ta sha gishirin da suke watsawa a titi, ta zo ta sha ranar Abuja da ramukan cikin Kubwa da Lugbe. Sai mutum ya tsallake duk wannan ya je ya sayo ƙarfe mai fenti, don shi ne ake iya ɗauka a hoto. Ba wanda ya taɓa samun yabo a Instagram saboda ya canza bushin.

Ƙarfen nan yana da aiki, ban ce ba shi da shi ba. A motocin da shoka da sifirin suke haɗe wuri ɗaya kuma su ne ke riƙe da saman taya, irin tsarin MacPherson da ke gaban E36, E46, Camry, Corolla, Golf 3 da Peugeot 406, ƙarfin kwana yana bi ta shoka ya daki kan da aka ɗaure ta a jikin mota. Wurin yakan ɗan lanƙwasa, sai ƙarfen ya haɗa dama da hagu su raba nauyin. To amma wannan lanƙwasar motsi ne da ido ba ya gani. Mataccen bushin kuwa, ka sa ƙarfe ka ɗan ɓanɓara lowa am, wato hannun ƙasa da ke riƙe da taya, za ka ga yana rawa da idonka, har ka ji ƙwas-ƙwas. Wato ka kashe kuɗi ka hana motsin da bai kai kaurin farce ba, ka bar wanda ya kai kaurin yatsa. Wannan lissafin a wace makaranta ake koyar da shi?

Masu Accord, ku ma na gan ku. Accord ɗin da ake kira Baby Boy da End of Discussion hannu biyu ne a gaba, na sama da na ƙasa, ba shoka ce ke riƙe da tsayuwar taya ba. Abin da ƙarfen zai ƙara muku bai kai na mai Corolla ba. Ku je ku duba bol join na ƙasa, gaɓar da ta haɗa hannun da taya, shi ne ke cirewa taya ta kwanta a tsakiyar titi, kuma duk mai bin hanyar Nyanya ya san yadda wannan kwanciyar take.

Ƙafa tukuna. A ɗaga mota, a kama taya sama da ƙasa a girgiza, sannan dama da hagu. Na farko yana tona bol join da boris ɗin da taya ke juyawa a kansa, na biyu yana tona tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya. A E46 wurare biyu ne ba a musu a kansu. Bushin bayan lowa am na gaba, in ya mutu sitiyari yana karkarwa da an taɓa birki. Sai bushin dogon hannun baya, wanda in ya saki, tayar baya takan canza inda take kallo duk lokacin da aka taka mai ko aka saki a cikin kwana. Shi ne direba zai ji kamar wani ne ke tuƙa gindin motar. Ana canza su bibbiyu, dama da hagu, ba ɗaya yau ɗaya bayan albashi ba. Kuma ga inda yawancin bakanikai ke ɓata aikin da hannunsu: su ɗaure notin bushin tam mota tana sama a kan jak, taya na lilo. Da an sauke ta robar ta murɗe, haka za ta zauna a murɗe, bayan 'yan watanni ta yage, sai a ce kayan ne jabu. Notin da ya ratsa tsakiyar bushin ana ɗaure shi na ƙarshe ne bayan nauyin mota ya sauka a kan tayoyinta, a kan rami ko a kan tudun hawa. Masu son bushin polyurethane mai tauri su sani yana son giris, in ba haka ba da ƙurar hunturu ta shiga zai fara kuka kamar tsohon gado. Motar zuwa aiki, robar Lemförder ko Meyle ta gaske ta ishe ta.

Shoka kuma, don Allah a daina gwada ta da danna bonet sau biyu a ce lafiya lau. A duba ko tana zubar da mai, a shafa taya a ji ko ta ci tudu-tudu da kwari-kwari, a lura ko motar tana ci gaba da rausaya bayan an wuce bamp. Shokar Beljiyam da ake wankewa a fesa mata baƙin fenti, ba wanda ya san kilomita nawa ta yi kafin ta iso Apo ko Zuba. KYB, Sachs ko Bilstein B4 suna mayar da mota yadda ta fito daga kamfani. B6 ta fi tauri amma tsayin mota bai canza ba, B8 kuma an yi ta ne don gajeren sifirin. A canza da robar kai da robar da ke tare shoka kada ta daki ƙarshe.

Yanzu ga abin da ya fi ƙona rai, yankan sifirin. Mutum ya kai mota wurin mai walda a yanke zagaye ɗaya ko biyu don ta zauna ƙasa. Sifirin mai zagaye 6 masu aiki, in ka cire 1 ya ƙara tauri da kashi 20 cikin 100, shokar kuma ba a yi ta don wannan taurin ba. Tazarar da taya ke da ita ta hawa sama ta ragu, don haka a tsakiyar kwana mota takan zauna a kan robar ƙarshe, daga nan babu sauran sifirin, taya sai tsalle. Tayar da ke tsalle ba ta riƙe kwalta. Bakin da aka yanke ba ya zama daidai a mazauninsa, wani lokaci in taya ta faɗa rami sai ya goce. Mafi muni su ne masu gasa shi da wuta har ya yi ja ya sunkuya, sun kashe ƙarfin ƙarfen ke nan, zai ci gaba da zama har ranar da zai karye. In dole sai an sauke mota, akwai sifirin da aka ƙera don haka, irin na Eibach da H&R, masu saukewa kamar milimita 25 zuwa 35, a haɗa da shokar da ta dace. Ko shi ɗin ma, mai zama a unguwar da kowace kwana akwai bamp ya fara yin sallama da kwanon man injinsa.

Na san za a zo. "Ai haka ake yi a Jamus." Malam, a Jamus akwai TÜV mai binciken lafiyar motoci, motar da bushin ɗinta ya yage ko aka yanke mata sifirin ba ta samun takardar hawa titi. "Ai kuɗina ne." Gaskiya ne, amma mai keke da ke gefenka a shataletale ba da kuɗinka aka saye shi ba. "Orijina ya yi tsada." Kuɗin ƙarfen da rim mai inci 19 daga ina suka fito?

In ma ƙarfafa casis ake so da gaske, a E46 ba a ƙarƙashin bonet ake farawa ba. Ciwon da aka san ta da shi yana baya, inda aka ɗaure gadon da ke riƙe da difransha da hannayen taya a jikin bodi. Ƙarfen wurin yana tsagewa, musamman a motar da ake wasan zamiya da ita. Alamar ita ce ƙara gum daga baya in an saki kuloci ko an taka mai da ƙarfi. Gyaran sai an sauke gadon gaba ɗaya, a goge wurin har ƙarfe ya fito fari, a huda ɗan rami a ƙarshen kowace tsaga don kada ta ci gaba, a yi walda, sannan a ɗora farantan ƙarfi a rufe da fenti mai hana tsatsa. Kafin walda a cire kan batir, a kuma tuna tankin mai yana nan kusa. Haka kawunan shokar gaba, rami yakan daki su har su kumbura sama, akwai farantin da ake sawa ta ƙasa. Wannan aiki ne na kwana biyu ko uku, datti ne, kuma in an gama ba abin da za a nuna wa kowa.

Stabilaiza ma, sandar ƙarƙashin mota da ke rage mata karkata a kwana, ba abin wasa ba ce. Ƙara kaurinta daga milimita 20 zuwa 22 kamar ba komai, amma taurin ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100. Ka taurara baya, gindi ya fi saurin zamewa. Ka taurara gaba, mota ta ƙi shiga kwana ta miƙe. Shawarar da ake ba yaron nan ta ƙara taurin baya, da ya bi, da tun a kwanar farko zai juya.

Sai taya, wadda ita kaɗai ke taɓa ƙasa, kowace da faɗin da bai wuce tafin hannu ba sosai. A gefenta, lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT suna nuna lokacin da aka ƙera ta, 2318 na nufin sati na 23 a 2018. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta gaji da magana a kan tayoyin da suka tsufa. Zanen da ya gaza milimita 1.6 ya ƙare, tsohuwar roba kuma ko zanenta na nan ta bushe, kuma ruwan farko bayan rani yana taso da mai da ƙurar da suka kwanta a kwalta. Iska a bi takardar da ke jikin ƙofa ko murfin tanki, a auna da safe taya na sanyi, ba 50 ɗin da mai faci ke bugawa don kada ka dawo ba. Bayan duk wannan a yi alaimen na tayoyi huɗu a kan na'ura, ba da zare da ido ba.

Wallahi ba ƙin samarin nan ake yi ba. Abin farin ciki ne a ga yaro yana son tsohuwar mota har yana kwana a gareji saboda ita, kuma E46 da ƙafarta ke lafiya daɗin tuƙinta ya fi na motoci da yawa da suka ninka ta kuɗi. Ƙanena, in ka gama da bushin, shoka, taya da alaimen, sa ƙarfenka. Ka nemi mai guda ɗaya wanda ba shi da gaɓa a gefe, ka ɗaura shi mota tana tsaye a ƙasa mai daidai. In ramukan ba su hau ba sai an danna da ƙarfi, tsaya, wataƙila motar ta taɓa cin karo an miƙe ta, a auna casis ɗin kusurwa zuwa kusurwa tukuna. Notin kan shoka ƙanana ne, da an matsa suke tsinkewa.

Maganar tsinkewa ta tuna mini, wai wa ya koya wa yaran masu faci hawa kan sifana da ƙafa biyu suna tsalle? A awon ƙarfin ɗaure noti, na tayar Camry 103 Nm yake so, na Accord 108, na E46 120. Yaro ya zura bututu mai tsayin sanda ya hau da dukkan nauyinsa, oga na zaune a benci yana cewa ƙara. Ranar da taya ta yi faci a hanyar filin jirgi da daddare, sai ka ga babban mutum da malum-malum yana kokawa da ɗan sifanan da ya zo da mota, noti ko gezau. Sifana mai awo nawa take, fisabilillahi?