Raha daban, raini daban

'Yan mata, ƙannena da 'ya'yana, ku ba ni aron hankalinku, don tun ranar Litinin raina yake a ɓace.

Daren Asabar muna gida a Tudun Wada muka kalli wani fim ɗin barkwanci na Hausa, labarin wani dattijo manomi da 'yarsa ɗaliba. Mun sha dariya har da hawaye. Tana koya masa waya, shi kuwa ya ɗauki saƙon murya yana zagin dillalin taki, ya tura wa surukinsa. Abin da ya burge ni, ko sau ɗaya yarinyar ba ta ɗaga masa murya ba. In ya kwafsa sai ta rufe baki da mayafi, ta ce "Baba, ba nan ba ne," ta sake nuna masa. Shi ma ya tsokane ta, su tuntsire tare. Fim ɗin ya ba mu dariya, bai zubar da girman uban ba.

Sai ga shi Litinin a Samarun Zariya na ga akasin haka da idona. Wani tsoho ya sauko daga motar Giwa da ƙullin garin masara da galan ɗin man gyaɗa, ya kawo wa 'yarsa. Wayarsa ta yi ƙara, ya rasa inda zai danna. Maimakon ta karɓa ta taimake shi, sai ta ja baya ta zaro tata tana ɗaukarsa bidiyo, ƙawayenta na ƙyalƙyala dariya. Har ɗaya na cewa a ɗora a TikTok. Bawan Allah yana ta murmushi, ya zaci murnar ganinsa ake yi. Wallahi sai da na kau da kai.

Wayar da kike ɗaukarsa da ita, buhu nawa na masara ya sayar kafin ta zo hannunki? Wanda ya biya kuɗin makarantar da kika koyo Turancin, yau shi ne abin dariyarki don ya kasa amsa waya? Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Kuma abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimin Zariya ba zai hango ba. A Suratul Isra'i, aya ta 23, ko "uf" an hana mu ce wa iyaye, balle a mai da uba abin nishaɗin mutanen da ba su san wahalarsa ba.

Ku ma samari kada ku yi murna. Ku da ba ku kiran mahaifinku sai data ta ƙare, kuna ce masa "tsoho" a majalisa, naku yana nan tafe.

Ba na hana wasa da uba. Manzon Allah (SAW) yakan miƙe in Nana Faɗima ta shigo, ya zaunar da ita a mazauninsa, ita ma haka take yi masa. Ku ja iyayenku a jiki, ku gyara.

A da, a cikin birni, yayyenmu mata durƙusawa suke su gaida Baba, ba sa kama sunansa, har mai sunansa sai an sakaya. In ya yi kuskure gaban baƙi, su ke fara rufa masa asiri. Tsohon nan na Samaru kuwa, da zai hau mota, sai da ya laluba aljihu ya ƙara mata kuɗi, yana sa mata albarka.